Iskar Tayoyin Jibo

A Hillat Yahya, ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar tur'a, magudanar ruwan ban gonaki, tsakanin Hajj Abdalla da Managil, babu wanda bai san halin Jibo da tayoyin motarsa ba. Motar boks ce fara, mai buɗaɗɗen baya, ta tsufa amma ba ta gaji ba, da ita yake jigilar albasa da mata da awaki zuwa kasuwa. Kowace safiya kafin ya kai shayi bakinsa sai ya zagaye ta da ɗan ma'auninsa, ya tsuguna gaban kowace taya ya danna ya duba. Talatin a gaba, arba'in da biyar a baya in akwai kaya. Kuma sai da safe tun taya tana da sanyi, don a cewarsa in ta yi tafiya ta ɗau zafi ƙarya take yi wa ma'auni. Mota na iya cika, rana na gasa mutane, mai goyo na zaginsa, Jibo ba zai tayar ba sai ya ƙara wa ta hagu ɗan abin da ta rasa. Matarsa Mairama takan ce da ita ake dubawa haka kullum da tuni ƙofar ɗaki ta yi mata kaɗan. An sha yi masa dariya, amma masu dariyar su ne ke rige-rigen kujerar gaba, don motarsa ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Da yaƙi ya gangaro Jazira, masu bindiga suka soma shiga ƙauyuka suna kwasar abin da ya yi musu, kuma mota suke fara tambaya kafin zinariya da waya. Sai mutanen karkara suka ƙirƙiro dabararsu: ka kashe motarka da hannunka kafin su zo. Wani ya cire ƙafafun ya binne, wani ya kwance inji. Jibo bai da zuciyar yi wa tasa haka. Ya jera tubala a ƙarƙashinta don kada ƙarfe ya ciji tiyub, ya kwance allurar da ke cikin hancin kowace taya, wato ɗan siririn ƙarfen nan da ke tsare iska, ya tsaya yana jin hucinsu har suka kwanta. Batir ya shiga rumbun dawa, famfon hannu da jarkar mai suka shiga rami a garken awaki. Allurai huɗun kuwa Mairama ta ƙulle su a tsumma ta jefa cikin gwangwanin garin gahawa. Aka lulluɓe motar da kara a bayan rakuba, rumfar da Mairama ke girki.

Ranar da masu bindigar suka zo, hantsi bai daɗe da ɗagawa ba. Mota ɗaya ce mai bindiga a baya, da babura. Ba su yi wahalar nema ba, wani ya riga ya gaya musu, kuma har yau ba a san ko wane ne ɗan banzan ba. Suka ture ƙofar gidan, suka yaye karan, babbansu ya zagaya motar yana taɓa ta da bakin bindiga. Dogo ne, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kawai ake gani.

"Makulli, batir, famfo," ya ce da Larabci.

Jibo ya ce motar ta mutu tun damina, inji ya buga, tayoyi sun ruɓe. Ya rantse da Allah, kuma ya ji nauyin rantsuwar a ƙirjinsa.

Suka kwantar da shi rub da ciki a tsakar gidansa. Biyu suka take ƙafafunsa, ɗaya ya zaro bulalar fatar da ke rataye a babur. Ta farko ta tsaga masa jallabiya, na bayanta suka tsaga fata. Jibo ya cusa baki cikin ƙasa don kada ya yi kuka a gaban matarsa. Da babban ya ga bulala ba ta buɗe bakin ba, sai ya ɗora takalminsa a kan hannun Jibo na dama, ya murza da dukkan nauyinsa. Ƙarar karyewar yatsun har rakuba an ji ta.

Mairama ta fito da hannu duk ƙullun kisra, siririyar wainar dawa. Ba ta dubi kowa ba sai mijinta, ta yi masa magana da Hausa don kada su ji, ta kira shi baban 'yarsu Sakina kamar yadda ta saba.

"Abu Sakina, ba su abin ga su tahi. Ƙarhe na."

"Koma ciki," ya ce, bakinsa cike da ƙasa. "Ba ruwanki."

Ta tsaya kaɗan, sannan ta koma. Shi a lissafinsa, in motar ta tafi, me za su ci, da me za su gudu ran da gudu ya zama dole? Ba rashin hankali ba ne. Taurin kai dai akwai shi, kuma duk ƙauyen an shaida masa.

Suka gaji da dukansa. Suka fasa gilashin gefe, suka kwance safayar da ke ƙarƙashin mota, ita kaɗai ce mai iska, suka jefa a tasu. Suna fita, wani matashi cikinsu, don haushin an ɓata musu lokaci, ya juyo ya buɗe wa gidan wuta ba tare da ya saiti komai ba. Tulun ruwa ya tarwatse, akuya ta faɗi tana shure-shure, karan rakuba ya yi ta tsalle. Sannan ƙararsu ta yi yamma, wajen ƙauyen da ke gaba.

Jibo ya ɗago yana hamdala. Motar tana nan. Ya kira Mairama ta kawo masa ruwa, ba ta amsa ba.

A zaune ya same ta, ta jingina da turken rakuba, kaskon kisra na ƙonewa a gabanta. Hannayenta biyu suna kan cikinta ta gefen dama, jini na bin tsakanin yatsunta yana jiƙa tobinta, doguwar lafayar da ta naɗa. Ta dube shi kamar mai jin kunya.

"Ya same ni," ta ce.

Kafin a ce me gidan ya cika. Yayan Jibo, Falalu, ya shigo da gudu ba takalmi. Aka kira Inna Huseina, ungozomar ƙauyen, wadda ita ce likitansu tun da aka rufe ɗakin shan magani. Ta kori maza, ta duba, ta cusa tsumma mai tsabta a ramin, ta ɗaure da mayafi tamau. Da ta fito ba ta yi kwana-kwana ba.

"Harsashin na ciki, bai hita ba. Wanga ba aikina ba na. In kunka kai ta mustashfa, asibitin Managil, da wuri, akwai rabo. In kunka yi sanyi, ku nemi likkahwani."

Maƙwabcinsu Abdulwahab ya ce ga karonsa, amalanken jaki mai ƙafafun mota. Inna Huseina ta ce jaki sai ya wuni ya kwana bai kai Managil ba, mota ake so.

Mota kuwa ga ta nan, ita kaɗai ta rage a Hillat Yahya, a kwance a kan tubala, Jibo ya kashe ta da hannunsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba sa'ad da ake dukansa. Ya aika Falalu rumbu, Abdulwahab ya hau tonon garke, shi kuma ya zazzage gwangwanin gahawa a ƙasa ya tsinci ƙullin. Yatsunsa uku sun kumbura sun karkace, ya kwance tsumman da haƙori. Ya ɗaura allura ta farko da hannun hagu, ta biyu, ta uku. Ta huɗun ta suɓuce masa ta faɗa cikin ƙura da ɓaraguzan kara.

Abu ne da bai kai ƙwayar hatsi biyu tsawo ba. Maza suka durƙusa suna lalube. Mata suka kawo rariyar gari suna tankaɗe ƙasar wurin. Ba ta fito ba. Da safayar tana nan da an ciro tata, amma ta tafi. Abdulwahab ne ya buge goshinsa ya ruga gida, ya jawo karonsa, ya kwance allurar ƙafa ɗaya ya miƙa wa Jibo. Tayar karon ta huce ta kwanta, ba wanda ya ko waiwaye ta.

Sai aikin famfo. Duk wanda ya taɓa cika tayar mota da famfon hannu ya san ba wasan yara ba ne. Ka danna har kafaɗarka ta mutu, tayar na kallonka. Maza suka yi layi, wannan ya gaji wancan ya karɓa, gumi na zuba, famfon ya yi zafi har sai an naɗe shi da tsumma. Jibo na tsugune da ma'auninsa, jinin bayansa ya manne da jallabiya, ƙudaje na binsa. Daga rakuba ana jiyo muryar Inna Huseina tana yi wa Mairama hira don kada ta yi barci.

Ta farko ta kai talatin. Ta biyu ta kai. A ta uku ƙarfin mutane ya soma ƙarewa. Da ta ɗaga daga kan tubali, Falalu ya zare bakin famfon zai wuce ta huɗu.

Jibo ya danna ma'auni. "Ishirin ta, Yaya."

"Ya isa, ta tashi. Mu cika waccan mu tahi."

"Ba mu da sahwaya." Jibo ya nuna wajen tur'a da hannunsa mai lafiya. "Ka san kan tur'ag ga. Laka ta bushe da sawun tarakta, kaihi gare ta. Taya mai ishirin, ƙarhe zai ciji tiyub tun ba mu wuce gada ba. In ta hwashe can, mi za mu yi? Mu ɗauke ta bisa kai?"

"Jini take zubarwa, Jibo."

"Na sani, matata ta. Mayar da famfon."

Gaskiya ya faɗa, wannan ba a ja. Hanyar kwalta tana hannun masu bindiga, sai ta kan gaɓar tur'a, kuma ya bi ta fiye da kowa. Ya ga motoci da yawa zaune a kan ƙarfe a wannan hanya saboda ganganci irin wanda Falalu ke so a yi. Falalu ya dube shi kamar zai mare shi, sannan ya mayar da bakin famfon ya ci gaba da dannawa yana haki. Ba kaya za a ɗauka ba, don haka Jibo ya yarda da talatin a baya, amma bai yarda da ƙasa da haka ba. Ta uku ta kai. Aka koma ta huɗu, fatar famfon ta soma zubar da iska, aka tsaya aka shafa mata man girki. Rana ta wuce tsaka.

Jibo ya leƙa rakuba sau ɗaya. Leɓunan Mairama sun yi fari, idonta a buɗe.

"Saura ɗaya," ya ce mata.

"Ka dai auna da kyau," ta ce, har da ɗan murmushi. Ya fita da sauri don kada ta ga fuskarsa.

Ta huɗu ta kai. Aka ɗaura batir, aka zuba mai, injin ya yi tari ya kama. Mata suka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗauko Mairama a hankali aka kwantar, Inna Huseina ta hau ta ɗora kanta a cinya. Jibo ya jefa famfon kusa da su saboda hanya. Falalu ya zauna a gefensa don ya riƙa sa masa giya, tunda hannun dama ya tashi aiki. Motar ta fito daga gida tsaf a kan ƙafafunta, mutane na bin ta da addu'a.

Ba su kai ƙarshen layin ba suka yi kiciɓis da su. Sun gama da ƙauyen yamma suna komowa, bayan motarsu cike da buhuna da katifu da faifan sola, an ɗaure wani saurayi a kan kayan, fuskarsa duk jini. Babura suka kewaye boks ɗin. Mutanen da ke rakiya suka watse cikin gidaje.

Dogon ya sauko ba gaggawa. Ya zagaya motar kamar yadda ya yi da safe, ya shuri tayar gaba da takalminsa, ya ji ta tauri. Ya leƙo ta tagar da suka fasa.

"Matacciya ta tashi," ya ce.

Jibo ya fito ya durƙusa a gabansa, abin da bai yi ba ko da bulala. Ya ce motar tasu ce, ya ba su har abada. Su bar shi kawai ya kai matarsa kusa da Managil, su biyo shi, su karɓa a can. Ko su ɗaure shi su tafi da shi ya zama direbansu, in dai wani zai kai ta. Ya ce su dubi baya su gani da idonsu, harsashinsu ne a cikinta.

Dogon ya duba. Ya daɗe yana kallon Mairama, har Jibo ya fara sa rai.

"Ka rantse mini da Allah ɗazu," ya ce. Ya ɗaga wa yaransa hannu. "Ku sauke su."

Biyu suka hau, suka ture Inna Huseina ta faɗo ta gefe, suka kama bakin katifar suka ja. Katifar ta zamo daga bayan mota ta bugi ƙasa da Mairama a kanta. Ƙarar da ta yi ba mai ƙarfi ba ce, amma Jibo bai taɓa jin irinta daga bakinta ba, ko ranar haihuwar Sakina. Falalu ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ƙi fita. Suka buga masa gindin bindiga a baki har haƙoransa suka zubo a cinyarsa, suka jawo shi ta ƙafa suka yar. Jibo ya tashi ya yi kan dogon da hannu ɗaya, wani ya tare shi da duka a ƙeya, ƙasa ta taso ta same shi.

Yana kwance ya ga ƙafafun motarsa suna juyawa, suna wucewa ta gaban fuskarsa, kowace a cike daidai. Suka hau gaɓar tur'a suka tafi, ko tangaɗi ba ta yi.

Da ya iya tashi, mutane sun fara fitowa. Ɗaurin cikin Mairama ya kwance, katifar ta jiƙe. Inna Huseina, da goshinta a fashe, tana sake ɗaurewa. Falalu na zaune a ƙasa, ya dubi ƙanensa, bakinsa ba ya iya magana. Jibo ya san abin da yake so ya ce. Da sun tashi a ishirin da yanzu sun wuce gada. Wataƙila tiyub ya fashe a can, wataƙila kuma ya kai su. Babu mai iya gaya masa, kuma ba za a taɓa samun mai gaya masa ba.

"Karo," Jibo ya ce. "Abdulwahab, kawo karo."

Abdulwahab ya kawo, kansa a ƙasa. Ƙafa ɗaya a cike, ɗayar a kwance shame-shame. Allurarta tana cikin tayar boks, famfon ma yana bayan boks. Sauran karon ƙauyen biyu an kwashe su da jakunansu tun farkon yaƙi. Aka ɗora katifar haka nan, Inna Huseina ta hau, Abdulwahab ya ja jakin.

Karon ya karkace gefe guda. Duk juyin da ƙafar za ta yi sai ƙarfe ya daki busasshiyar laka, katakon ya girgiza, Mairama ta ja numfashi ta haƙoranta. Jibo ya zagaya gefen da ya kwanta, ya sunkuya ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin katakon, ya ɗaga har ƙafar ta bar ƙasa. Haka ya riƙa tafiya a rankwafe, katako na cin raunukan bulala, jini na bin ƙafafunsa. Maza suka ce ya bari su karɓe shi, ya ƙi, ya ci gaba da tafiya. Suka hau gaɓar tur'a. Ruwa na gudu a hagunsu, gonakin dawa da ba a girbe ba a damansu, Managil kuwa tana can inda ido ba ya kaiwa.

Sun yi 'yar tafiya, ƙauyen bai ɓace a bayansu ba, ya ji muryarta a saman kansa, ta tsakanin katakai.

"Abu Sakina."

"Ina nan."

"Ce su tsaya. Ya isa hakanan."

"Mun kusa gada."

"Ba mu kusa ba. Na san hanyag ga." Ta huta. "Ka kai ma Sakina labari da bakinka. Kada ta ji ga mutane. Kuma kada ka ce mata komi game da mota."

Abdulwahab ya tsayar da jakin a inuwar wata bagaruwa. Jibo bai sauke ba. Ya san in ya saki, katakon zai faɗa gefe ya girgiza ta, don haka ya tsaya a rankwafe, yana jin Inna Huseina na laƙƙana mata kalmar shahada, yana jin Mairama na bi a hankali. Daga baya muryar Inna kaɗai yake ji. Sannan ita ma ta yi shiru.

Mazan da suka biyo su suka fara salati ƙasa-ƙasa. Jibo yana nan yadda yake, ya ƙanƙame katakon da hannunsa mai lafiya. Inna Huseina ta sauko ta ɗaya gefen, ta zagayo, ta tsuguna har ta ga fuskarsa, ta dafa masa gwiwa.

"Sauke, Jibo," ta ce. "Ba ta jin girgiza yanzu."